Windows, Mac ko Ubuntu: wacce za ta taimake ka ranar da kwamfuta ta ƙi aiki babu mai gyara a kusa?

Mai shirin sayen kwamfuta yakan tsaya ne a kan girman ma'ajiyarta, saurinta, da kuɗin da ke aljihunsa. Ba kasafai ake tunanin ranar da firinta za ta ƙi amsawa, ko sauti ya ɗauke, ko fayil ya yi ɓatan dabo, ga dare ya yi, ga mai gyara yana can wata unguwa. Kowace babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta tana zuwa da nata taimakon a ciki: shafukan bayani, akwatin bincike, da wasu 'yan kayan gano matsala. Sai dai amfaninsu ba ɗaya ba ne, musamman ga wanda ke lissafin data kafin ya buɗe kowane shafi.

Idan kana tsakanin Windows ta Microsoft, macOS ta Apple, da Ubuntu daga dangin Linux, ga yadda kowacce take ta wannan fuskar kaɗai. Ban shiga batun kyau ko saurin aiki ba.

Abin da za a auna da shi

Na farko, kuma wanda na fi ba wa nauyi, shi ne ko taimakon yana aiki babu intanet. Dalilin a fili yake: sau da yawa matsalar da ta sa ka neman taimakon ita ce intanet ɗin ta ƙi haɗuwa. Taimakon da sai da sabis yake buɗewa kamar rijiya ce a tsakar gidanka amma gugarta na gidan maƙwabci.

Na biyu shi ne sauƙi: matakai nawa za ka bi kafin ka isa ga amsa, da wane harshe aka rubuta ta, kuma ko wanda bai karanci kwamfuta ba zai gane. Na uku kuɗi, wanda ya haɗa da lasisi, injin da kansa, da datar da za a ƙona. Na huɗu ɗorewa: abin da ka koya bana zai yi maka aiki bayan shekara biyar, ko za a sake masa wuri da suna? Na biyar haɗari, domin ta ƙofar neman taimako ne 'yan damfara suka fi shigowa, kuma ta nan ne mutum yake goge fayilolinsa da hannunsa.

Windows

Waɗanda suka yi aiki da Windows 7 za su tuna da Help and Support. Kana danna F1 zai buɗe, bayaninsa na cikin kwamfutar, ko babu waya babu modem za ka karanta yadda ake haɗa firinta ko ƙirƙirar sabon asusu. Daga Windows 10, wadda ta fito a 2015, abin ya sauya. Idan ka danna F1 kana kan fuskar allo, burauza ce za ta buɗe ta kai ka binciken Bing. Babu data, babu amsa. A ganina wannan koma baya ne ga masu amfani irinmu, kuma ya kamata mai saye ya san da shi tun kafin ya biya kuɗi.

Babbar ƙofar taimako a yanzu ita ce manhajar Get Help. Ka danna maɓallin Start, ka rubuta sunanta, ka buɗe, sannan ka rubuta matsalarka a taƙaice. Tana kawo matakai ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ta nemi izininka ta binciki injin da kanta, idan abin ya faskara kuma ta haɗa ka da ma'aikacin Microsoft ta hanyar rubutu bayan ka shiga da asusunka. Aiki mai kyau ne idan sabis yana da ƙarfi. Mafi yawansa kuwa ya dogara da intanet. Haka ma Copilot, mataimakin da ake yi wa tambaya da magana ta yau da kullum: sai da intanet, kuma yakan kawo matakan da ba su dace da sigar Windows ɗinka ba, don haka sai ka duba kafin ka bi.

Amma ba a bar mutum haka nan ba. Akwai abubuwan da suke aiki babu data, kawai dai ba a tallata su:

Akwatin bincike na Settings, wanda ake buɗewa da maɓallin Windows haɗe da I. Ka rubuta printer, sound, display ko password, zai kai ka kai tsaye inda ake daidaita abin. Rabin matsalolin sabon mai amfani na rashin sanin inda aka ajiye abu ne, wannan akwatin yana magance su.

Masu gano matsala da kansu. A Windows 11 suna ƙarƙashin Settings, System, Troubleshoot. A Windows 10 kuma suna ƙarƙashin Update & Security. Tun 2023 Microsoft ta fara kwashe tsofaffin tana mayar da su cikin Get Help, saboda haka wasu sukan nemi intanet yanzu. Na gano matsalar sabis dai yana nan: ka danna linzami ta dama a kan alamar intanet da ke ƙasan allo, ka zaɓi gano matsala.

Device Manager, inda duk wata na'urar da ba ta samu direbanta ba, wato ƙaramar manhajar da ke sa ta aiki, take fitowa da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Da kuma wanda mutane da yawa ba su taɓa buɗewa ba: ka rubuta reliability a Start, za ka ga tarihin injin kwana-kwana, ranar da wata manhaja ta tsaya, ranar da aka saka sabon abu, ranar da kwamfuta ta mutu ba shiri. Idan matsala ta fara ranar Talata, ka duba abin da ya shigo ranar Litinin. Wannan shafin kaɗai yana rage yawo wajen mai gyara, idan ma ka je za ka iya faɗa masa daidai ranar da abin ya soma.

Sai baƙar tagar umarni, wato Command Prompt. Ka rubuta `help` ta jero maka umarnin da take da su. Kowane umarni ka bi shi da `/?` zai bayyana kansa, misali `ipconfig /?`. Umarnin `sfc /scannow` yana duba fayilolin Windows da suka lalace, shi kuma `powercfg /batteryreport` yana fitar da rahoton lafiyar batir, abin da ya kamata a yi tun a shago kafin a biya kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. A PowerShell kuwa, wata tagar umarni ta Windows, akwai `Get-Help`. Ka samu ranar da kake da data ka rubuta `Update-Help` sau ɗaya, bayanan za su sauka su zauna a injin.

Ta fuskar harshe, tun daga Windows 7 har zuwa Windows 10 akwai kunshin Hausa da ake ɗorawa a kan na Turanci, yana fassara wani ɓangare na abin da ke kan allo. Shafukan taimako masu zurfi kuwa da Turanci za ka fi cin karo da su. 'Yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi da ke aiki da Faransanci, da na Sudan da ke aiki da Larabci, sun fi mu morewa a nan, domin Windows tana zuwa cikakkiya da waɗannan harsunan.

Kuɗi: farashin lasisin Windows 11 Home a Amurka dala 139 ne, na Pro kusan dala 200, amma yawancin injuna suna zuwa da lasisinsu a jiki. Kuɗin da ba a gani shi ne data. Windows tana sauke sabuntawa masu nauyi ba tare da ta tambaye ka ba, sai idan ka shiga wajen daidaita Wi-Fi ka kunna Metered connection, wato ka sanar da ita cewa datarka a ƙididdige take.

Ɗorewa ita ce raunin Windows. Tallafin Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, da kwakwalwar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta. Da yawa daga cikin injunan hannu da ke kasuwanni irin su Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas sun girmi wannan sharaɗi. Kayan taimakon ma ba sa zama wuri ɗaya. An sallami Cortana, mataimakiyar da ake yi wa magana da murya, a 2023, a shekarar ce aka sanar da janye manhajar Tips, kuma har yau wasu abubuwan suna tsohon Control Panel wasu suna Settings. Sai ka ga bayanin da aka rubuta shekara uku baya yana nuna maɓallin da babu shi a allonka.

Haɗari kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Windows tana da Quick Assist, ana buɗe shi da Ctrl, Windows da Q a tare. Yana ba wani damar ganin allonka daga nesa, har ya karɓi linzami idan ka yarda, ta hanyar wata gajeriyar lamba da zai karanto maka. Idan ɗanka ne da ke Zariya ko ƙanwarka da ke Abuja, wannan ni'ima ce. Idan baƙo ne ya kira ya ce daga kamfani yake, to ka miƙa masa makullin gidanka. A 2024 Microsoft da kanta ta yi gargaɗi cewa miyagu suna amfani da wannan hanyar. Ka riƙe wannan ka'idar: saƙon gargaɗi na gaskiya daga Windows ba ya zuwa da lambar waya. Duk shafin da ya cika allo da jan rubutu yana cewa ka kira wata lamba, damfara ce, ka rufe burauzar. Haɗari na biyu shi ne Windows ɗin da aka fasa makullinta. 'Yan manhajojin da ake yin fashin da su sukan zo da ƙwayar cuta, wasu ma sai an kashe tsaron injin kafin su shiga.

Duk da wannan, akwai abin da Windows ta fi sauran da nisa: mutane. Kowane bizines senta, kowace makarantar koyon kwamfuta, kowane mai gyara a kasuwa ya san ta. Idan taimakon cikin injin ya gaza, na maƙwabci yana nan.

Mac

Abin da ya fi burge ni a Mac ƙaramin abu ne. A saman allo, a ƙarshen jerin menu na kusan kowace manhaja, akwai Help. Ka danna, ko ka haɗa Shift, Command da alamar tambaya, sai akwatin bincike ya fito. Ka rubuta abin da kake nema, misali export ko print. Ba dogon bayani zai fara kawo maka ba: zai jero umarnin da ke da wannan sunan a cikin manhajar, kana ɗora linzami a kan ɗaya sai menu ɗin ya buɗe da kansa, wata kibiya ta nuna maka daidai wurin. Wannan yana aiki babu intanet, yana aiki a manhajojin Apple da na wasu kamfanoni, kuma yana nan tun 2007 bai sauya wuri ba. Ga mai koyo, babu abin da ya kai shi a cikin ukun nan, domin yana nuna maka hanya ta yadda gobe ba sai ka sake tambaya ba.

Cikakken littafin jagora na macOS kuwa, wanda ake shiga ta wannan menu ɗin, yana janyo shafukansa ne daga intanet. An rubuta shi a tsare, da gajerun matakai, kuma kana iya zaɓar sigar da ke injinka. Yawancin tagogin daidaitawa suna da ɗan maɓalli mai alamar tambaya da ke kai ka shafin da ya shafi wurin. Spotlight, wanda ake buɗewa da Command da dogon maɓallin tazara, yana nemo fayil, manhaja ko wurin daidaitawa babu data.

Kayan gano matsala ba su da yawa amma masu ƙarfi ne. Ka riƙe Option ka danna alamar Wi-Fi, za ka ga Wireless Diagnostics. A Disk Utility akwai First Aid mai duba ma'ajiya. Akwai kuma gwajin injin gaba ɗaya: a Mac mai kwakwalwar Intel ana riƙe D lokacin kunnawa, a sababbin da suka fara fitowa daga 2020 masu kwakwalwar Apple ana riƙe maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓuka su fito, sannan a danna Command da D. Gwajin yana ƙarewa da lamba, ADP000 tana nufin ba a ga matsala ba. Wanda zai sayi Mac ta hannu ya yi wannan gwajin a gaban mai sayarwa.

Babu Hausa a cikin harsunan macOS. Akwai Turanci, Faransanci da Larabci.

Kuɗi shi ne katangar. Manhajar kyauta ce tun 2013, amma ba ta zuwa sai da injin Apple. Mac mini ta 2024, wadda ita ce mafi sauƙin kuɗi a lokacin, ta fito a kan dala 599 a Amurka, babu allo babu madannai, kafin a zo kan sufuri, kwastan da canjin naira ko sefa. Ta fuskar ɗorewa, sabuwar siga tana fitowa duk shekara, kuma Apple ta saba ba da gyaran tsaro ga sigogi uku na baya-bayan nan. A 2022 an sake fasalin wurin daidaitawa gaba ɗaya, ya koma System Settings, wanda ya sa tsofaffin bayanai suka daina dacewa. Muhimmin abu ga mai sayen ta hannu: macOS 26 ta 2025 ita ce ta ƙarshe da ke hawa injunan Intel, su ma 'yan kaɗan daga cikinsu.

Babban haɗarin Mac a wajenmu ba a shafin taimako yake ba. Makullin Activation Lock ne. Idan mai injin na farko bai fita daga asusunsa na Apple ba, ranar da aka goge injin zai nemi kalmar sirrinsa, kuma babu wani menu na taimako da zai buɗe maka. Apple ba ta da shagon kanta a Najeriya ko Nijar, sai dillalai masu izini a manyan birane, kuma masu gyaran da suka ƙware a kanta ba su da yawa idan ka bar irin su Abuja, Legas da Kano. Ana kuma samun shafukan bogi da ke cewa ka kwafi wani umarni ka zuba a Terminal, wato tagar umarnin Mac, don gyara matsala. Kada ka yi.

Ubuntu

Ubuntu ta fara fitowa a Oktoban 2004 daga kamfanin Canonical, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa. A kan ma'aunina na farko ita ce kan gaba, babu tantama. Ka danna maɓallin da ke da tambarin Windows a madannanka, ka rubuta Help, littafin jagora zai buɗe, kuma dukkansa yana cikin injin. An kasa shi bisa buƙata: intanet, sauti da bidiyo, fayiloli, firinta, asusun masu amfani, da saukaka wa masu raunin gani ko ji. A manhajoji da dama F1 yana buɗe shafin da ya shafe su. Jimlolin gajeru ne, kuma akwai shi da Faransanci ga masu buƙata. Kamar sauran biyun, kada ka sa ran karanta shi da Hausa.

Bambancinsa da na Windows shi ne yana koyar da kai ne, ba ya yi maka aikin. Idan Wi-Fi ta ƙi, shafin gano matsalar zai bi da kai mataki-mataki, har ya kai inda zai ce ka buɗe Terminal, da Ctrl, Alt da T, ka rubuta umarni irin `nmcli device` ko `lshw -C network` ka karanta abin da ya fito. Mai haƙuri zai ƙaru sosai. Wanda yake son ya danna maɓalli ɗaya a gyara masa zai gaji tun a mataki na biyu.

A Terminal ɗin ne ainihin taskar take. Kusan kowane umarni yana da shafinsa na bayani. Ka rubuta `man` sannan sunan umarnin, misali `man cp`. Ana sauka da kibiyoyi, ana bincike da `/`, ana fita da `q`. Idan ba ka san sunan umarnin ba, `man -k` da kalmar da kake nema zai jero waɗanda suka shafe ta. Idan taƙaitaccen bayani kake so, ka bi umarnin da `--help`. Wannan tsarin ya samo asali ne daga littafin jagora na 1971 na Unix, wata tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, kuma yadda ake buɗe shi bai sauya ba. Ɗalibin da ya koye shi yau zai yi aiki da shi a kan manyan injunan kamfanoni, kuma zai same shi a Terminal na Mac. Gaskiya ne an rubuta shafukan don wanda ya riga ya san wani abu, babu lallashi a cikinsu, misalai kuma sau da yawa suna can ƙasa ko ma babu. Dabarar ita ce ka karanta layukan farko, ka tsallaka ƙarshe ka nemi misali, sannan ka dawo.

Akwai kuma manhajar Disks da ke nuna lafiyar ma'ajiya, da Additional Drivers da ke nemo direbobin na'urori, ita dai sai da intanet. Nan ne ake samun cikas: injin da Wi-Fi ɗinsa ke buƙatar direba na musamman sai an fara haɗa shi da waya ta kebul.

Kuɗi babu. Saukewar sigar 24.04 ta kai kusan gigabayit 6, amma halal ne ka kwafa daga filashin aboki ka saka a injuna goma. Za ka iya tayar da kwamfuta daga filashin ka gwada ta, har ka karanta littafin jagoran, ba tare da ka taɓa abin da ke cikin injin ba. Sigar 24.04 tana neman ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 4 da fili gigabayit 25, kuma ba ta damu da TPM ba, don haka injin da Windows 11 ta ƙi yana iya samun sabuwar rayuwa. Kuɗin ɓoye shi ne manhajojin da za ka rasa: CorelDraw, Photoshop da Microsoft Office na kan inji ba sa hawa kai tsaye. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, amma tsarin shafi yakan ɗan goce.

Ɗorewarta a tsare take. Siga mai dogon tallafi tana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara biyar. Ta 24.04 za ta kai 2029, kuma da rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga mutum a kan injuna biyar, ana kai wa shekara goma.

Haɗarin yana hannunka. Umarnin da ya fara da `sudo` yana da cikakken iko a kan injin, kuma `rm` ba ya kai fayil kwandon shara, sharewa yake yi gaba ɗaya. Duk umarnin da ka gani a intanet, ka buɗe `man` ɗinsa kafin ka danna Enter. Lokacin sakawa kuma ka karanta da kyau, domin zaɓin Erase disk yana goge komai har da hotunan iyali. Idan abu ya cije, masu gyaran da suka san ta kaɗan ne, da yawa za su ce a mayar da Windows kawai.

A dunƙule cikin jadawali

| Ma'auni | Windows | Mac | Ubuntu |
|---|---|---|---|
| Aiki babu intanet | Matsakaici, babban taimakon sai da data | Binciken menu da gwajin inji suna yi, littafin jagora sai da data | Kusan duka yana yi |
| Sauƙi ga mai koyo | Da sauƙi idan akwai sabis | Mafi sauƙi | Sai da haƙuri da karatu |
| Gyara da kanta | Tana da masu gano matsala da yawa | Kaɗan amma masu ƙarfi | Kai za ka yi |
| Hausa | Wani ɓangare na allo a Windows 7 zuwa 10 | Babu | Babu a shafukan taimako |
| Kuɗi | Lasisi da data | Inji mai tsada | Kyauta |
| Ɗorewar abin da ka koya | Yana yawan sauyawa | Menu na Help ya daɗe | Mafi daɗewa |
| Babban haɗari | 'Yan damfara da kwafin fashi | Makullin asusun mai inji na farko | Umarnin da ba a fahimta ba |
| Mai gyara a kusa | Ko'ina | Manyan birane | Da wuya |

Wacce ta dace da wa

Mai bizines senta, mai buga katin biki da kalanda, da sakataren ofis: Windows. Aikinka ya rataya ne a kan CorelDraw, Office da firintocin da direbobinsu na Windows ne, kuma ba ka da lokacin karanta dogon shafi abokin ciniki na tsaye. Ka tabbatar injin yana hawa Windows 11 da lasisi na gaskiya, ka koyi akwatin binciken Settings, Device Manager da tarihin reliability, ka kunna Metered connection.

Dattijo ko uwa da 'ya'yansu ke nesa: Windows ma, saboda Quick Assist, da sharaɗin a yi yarjejeniya tun farko cewa mutum ɗaya tak ake karɓar lamba daga wajensa, kuma a kira shi a waya a ji muryarsa kafin a shigar.

Mai haɗa bidiyo, mai ɗaukar hoto, ko wanda yake koyon manhajoji masu ɗaruruwan umarni, yana zaune a babban birni kuma kuɗin ba zai karya shi ba: Mac. Kibiyar nan ta menu za ta rage masa watannin lalube. Idan ta hannu ce, ya nemi mai kwakwalwar Apple, a fita daga asusun mai ita a gabansa, a goge ta, a sake tayar da ita kafin ya biya.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko mai son aikin kula da manyan injuna: Ubuntu, ko da a gefen Windows ne a inji ɗaya. Karatun `man` da zai yi dole shi ne rabin horon.

Makaranta ko ɗakin karatu a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, da tsofaffin injunan da aka ba da kyauta waɗanda Windows 11 ta ƙi: Ubuntu, matuƙar akwai malami ko da ɗaya da zai zauna ya karanta littafin jagoran ya koya wa saura. Idan babu irin wannan mutumin, a fara nemo shi kafin a goge Windows daga ko inji ɗaya, a kuma fara da gwaji daga filashi a tabbatar Wi-Fi, sauti da firintar makarantar duk suna amsawa.